Motar Lowell Ba Ta Cika Mil Goma Ba

Da asuba na same shi durƙushe a garejinsa, ya ɗaga motar da jak yana kwance notocin tayar baya. Tayar ba ta yi faci ba. Ba ta ma taɓa yin faci ba, domin rabonta da titi tun shekarar 1978. Ya zare ta, ya juya ta rami ɗaya, ya mayar, ya ɗaure notoci biyar ɗin a hankali kamar mai gudun tashin jariri. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka. Ni kuwa ina tsaye da akwatin kayan aiki a hannu, gwiwata tana ciwo, ina jiran ya ɗago kai ya ce mini sannu da zuwa.

Lowell Stuckey ke nan, ɗan shekara saba'in da bakwai. Ni sunana Harlan Oakes, bakanike, shekara arba'in da uku ina kwance a ƙarƙashin motocin mutanen Danville.

Abin da yake yi yana da dalili, irin dalilan Lowell. Taya in ta daɗe a tsaye wuri ɗaya, gefen da ke ƙasa bajewa yake yi. Kowa ya san maganin: ka tura motar taku biyu, shi ke nan. To Lowell ba zai tura ba, don da tayar baya ta juya, mitar da ke ƙirga mil za ta motsa. Mitar tana nuna takwas da ɗigo bakwai. Haka take nunawa shekara arba'in da biyar. Saboda haka ranar ɗaya ga kowane wata yake tashi kafin gari ya waye, ya juya tayar ba tare da ya juya ƙarfen da take kai ba.

Motar kwafin motar jagora ce ta babban tseren motoci na waccan shekarar, baƙa daga sama, ruwan azurfa daga ƙasa, da siririn jan layi a tsakani. A nan kowa ya san motar jagora: ita ke shiga gaban motocin tsere talatin da uku ta ja su su zagaya fili kafin a sake su, kuma muddin tana kan hanya ba mai wuce ta. Kamfanin da ya ba da ita yakan ƙera irinta a sayar wa mutane. A waccan shekarar hauka aka yi. Aka yi ta yaɗa cewa duk wadda aka ajiye ba a hau ba, wata rana za ta sayi gida. Manoma, direbobin bas ɗin makaranta, masu aski, kowa ya ruga. Yawancinsu sun gaji bayan shekara biyu sun hau abinsu. Lowell bai gaji ba.

Mil shida ta zo da su daga masana'anta. Biyu da ɗigo bakwai kuwa daga wurin dillali ne zuwa ƙofar gidansa, kuma shi ne duk tuƙin da ya taɓa yi mata. Matarsa Wanda ta biyo shi a tsohuwar motarsu. Ta ce har mai keke ya wuce su.

Ledar kujeru tana nan. Takardar farashi tana manne a gilashi, ta yi rawaya. Sitikun da ake mannawa a ƙofofi, masu rubutun tseren, suna cikin kwalinsu ba a buɗe ba, kwalin kuma yana cikin wani kwalin a kan kantar da ta fi nisa da taga. Motar da yake hawa kullum, wata akori-kura da tsatsa ta cinye, ita ke kwana a waje cikin ƙanƙara. Bai taɓa tafiyar da ta wuce kwana uku ba, don injin da ke tsotse laima a garejin sai an zubar masa da ruwa. Jikarsa ta roƙe shi motar ran aurenta, daga coci zuwa wurin walima kawai. Ya ce ta zo da mijin su ɗauki hoto a gefenta, amma kada rigar ta taɓa fenti.

A gefen ƙofar direba akwai 'yar kujerar katako ta baƙi. In ka zo ganin motar, a kanta za ka zauna, ya buɗe ƙofa, ka miƙa wuya, ya haska maka mitar da tocila. Shi ya yanka ƙafafun kujerar da kansa don idon mai zama ya zo daidai da lambobin. Shekara talatin da huɗu ya yi a ɗakin awo na masana'antar giyabos, aikinsa gwada ma'aunan da wasu ke awo da su. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa zai gaya maka abin da yake fara koyarwa: ma'auni ido da ido ake karanta shi, ba daga sama ba, ba daga ƙasa ba, don in ka karkata kai abin da kake so za ka gani.

Suna da ƙungiya, su masu irin waɗannan motoci. Asabar ɗin farko ta kowane wata suke haɗuwa a gidan abincin da ke kallon kotu, su ci ƙwai da soyayyen dankali, su sha gahawa, su yi gardama a kan launin noti. Suna da allon tagulla da suke ba wanda motarsa ba ta cika mil goma ba. Shekara goma sha tara allon yana rataye a garejin Lowell, don sauran masu irin lambarsa ko sun mutu 'ya'yansu sun sayar, ko sun karaya sun hau. Motar ba ta sayi gida ba. Yayan Wanda ya mutu yana yi masa dariya a kan haka. Allon da lambar su ne abin da ya rage masa, ya kuwa riƙe su da hannu biyu.

Da ya sauke jak ɗin ya goge hannu, sannan ya dube ni.

"Harlan, so nake ka tashe ta."

"Wa?"

"Ita mana. Wa kake gani a nan ban da ni da kai?"

Ya ce masu filin tseren sun ba ƙungiyarsu rana ɗaya cikin watan Mayu, mako biyu kafin tsere, su yi zagaye ɗaya a jere. Shugabansu, Duane Pruitt, wani tsohon ɗan inshora mai yawan surutu, ya ce motar Lowell ce za ta shiga gaba tunda ta fi kowace tsabta. Mota arba'in da ɗaya, shi ne jagora.

Na ce masa zagayen filin mil biyu da rabi ne, ya fi ni sani. In ya zagaya mitar za ta koma sha ɗaya da ɗigo biyu, allon tagulla ya tafi. Ya ce ya sani. Ya ce yana ɗan shekara goma babansa ya kai shi kallon tsere, suka zauna a kujerun da ke kwana ta uku ta hanyar, layi na biyu daga sama, kusa da sandar tuta, kuma tun daga lokacin bai taɓa zama wani wuri ba, bai taɓa fashi ba sai shekarar annoba da aka hana kowa shiga. Duk rayuwarsa yana kallon hanya daga kujerar nan. Yana so sau ɗaya ya kalli kujerar daga hanya. Likita kuma ya gaya masa idonsa na hagu yana tafiya, baɗi da wuya a sabunta masa lasin tuƙi.

"Na gama shawara," in ji shi. "Zan ƙona mil ɗin nan."

Na ce to. Na ji mutane da yawa sun gama shawara a gabana. Amma na karɓi aikin, kuma ba don Lowell ba. Shekara da shekaru nake wuce gidan nan ina tunanin injin da aka ƙera don gudu aka lulluɓe shi da bargo. So nake in ji muryarsa.

Motar da ba a hawa ta fi wadda ake hawa lalacewa, sai dai a ƙungiyarsu ba mai yarda da wannan. Man da ke tanki ya koma kamar zuma mai wari. Kafireta ta toshe. Tiyon lagireto na matsa shi da yatsa biyu ya tsage. Birki duk huɗun suna yoyo, man ya bushe ya bar farin gari. Ɓeraye sun taɓa yin gida a bayan batir, shi bai sani ba, da na nuna masa sai da ya zauna a ƙasa.

Aikin kwana huɗu ne. Mako uku na yi. Duk abin da zan kwance sai ya ɗauki hotonsa kafin in taɓa, in na kwance ya sa shi a leda ya rubuta kwanan wata. Ruɓaɓɓen tiyo ma leda. Sifanata ya naɗe mata baki da tef don kada ta goge fentin noti. Akwai wani ɗan zanen alli da wani ma'aikaci ya yi a ƙarƙashin motar tun a masana'anta, ba wanda ya san ma'anarsa, ya fi sau goma yana ce mini in kiyaye gwiwar hannuna. Ran da na ce tayoyin nan ba za su ɗauki mutum a kan hanya ba, zan ara masa wasu, ya ɓata fuska har na zaci ya ji haushi. Ashe tambaya ce ke cinsa: in an cire su an ajiye, iskar da ke ciki za ta fita?

"Wace iska?"

"Ta asali."

Na ce ai kowane wata yana ƙara musu iska. Ya ce duk da haka akwai sauran ta farko a ciki, gaurayewa kawai ta yi. Na ce ya matsa mini daga haske.

Ran da injin ya tashi, garejin ya cika da hayaƙi, ya yi tari sau biyu, sannan ya zauna daram yana wani gurnani mai nauyi da na ji shi har a ƙirjina. Wanda ta fito daga kicin da tsumma a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Lowell kuwa ya dafe sandar giya da hannu biyu don kada ta zame, idonsa a kan mita. Ban yi zaton ya ji injin ba ma.

A ranar ne na gaya masa abin da kowa ya sani ba a faɗa. Akwai waya da ke tasowa daga giyabos zuwa mita. Noti ɗaya ne. Minti biyu in kwance, ya yi zagayensa, minti biyu in mayar, lambarsa tana nan, allonsa yana nan. Na ce motar Duane mil sha huɗu take nunawa, amma robar totur ɗinta ta cinye, kuma ni da idona na taɓa ganinta a bakin tafki wata Lahadi.

Lowell ya dube ni kamar na ce ya saci kwandon baiko a coci.

"Kai da bakinka, Harlan?"

"Ni da bakina. Dattijo, na gaji. Abu biyu kake so, ga hanyar da za ka same su."

"In ta tafi mil biyu da rabi, ta tafi. Mita in ta yi ƙarya sau ɗaya ta zama ƙarfe kawai. Na ce maka zan ƙona su."

Gaskiya na ɗan ji kunya. Ban nuna ba.

Saura birki. Ni ban taɓa sallamar mota ban gwada birkinta a kan titi ba. Na roƙe shi daga ƙofarsa zuwa akwatin wasiƙu kawai, ko ɗigo ɗaya ba zai ci ba. Ya ƙi. Ya ce mil ɗin da zai kashe a filin zai kashe su. A nan ya kamata in gane, don wanda ya shirya ƙona mil biyu da rabi ba zai yi rowar taku hamsin ba. Na ce to ni zan zauna a gefensa, hannuna a kan birkin hannu, ko kuwa ya nemi wani bakanike. Ya ce kujerar ta Wanda ce.

Wanda tana tsaye da butar gahawa. Ta ce a'a, mu tafi mu biyu. Sau ɗaya ta taɓa zama a cikin motar, a kan tawul biyu, bayan ya sa ta cire zobe, kuma ya ishe ta. Ta ce tunda an yarda iyali su hau kujeru ranar, ita za ta je ta zauna a kujerarsa ta kwana ta uku da rawayan gyale, don ya san inda zai duba.

"In ka iso, tsoho, zan ɗaga maka."

Ta ƙara mini gahawa. Ƙashin ƙugunta na ƙarfe ne, kujerar kuwa sai an hau matakala sittin.

Ranar ta zo da rana mai kyau da 'yar iska. Mun kai motar a rufaffiyar tirela, tayoyin bayanta a kan farantai masu ƙananan tayoyi don kada su juya, muka sauke ta daidai bakin hanya. Sitikun ƙofa bai manna ba, ya ce wannan ba ya cikin maganar. Motoci arba'in suka jeru a bayanmu, farare masu layin ruwan lemo, jajaye, shuɗɗa, kowace da shekararta, masu su duk furfura sai ɗaiɗai. Duane ya zo da lasifikar hannu ya yi jawabi a kan tarihi har wani ya danna masa hon. Ya ce kowa ya tuna doka, ba mai wuce jagora. Sannan ya leƙo ta tagarmu.

"Stuckey, ka san inda totur yake, ko in zana maka?"

Lowell ya sa farar safar hannu, ya cire takalma ya sa silifas ɗin ɗaki. Wani mai rawayar riga daga ma'aikatan filin ya ɗaga hannu. Lowell ya sa giya.

Ba zan ɓoye ba, minti na farko ya biya ni wahalar mako ukun nan. Hanyar ta fi yadda take a talabijin faɗi, kujeru babu kowa sun tashi sama hagu da dama kamar katanga. Kwana ta farko motar ta kwanta ta bi ta kamar ta saba. Gudun mil talatin da biyar muke yi, gudun kai yara makaranta, amma Lowell yana murmushi, har na ga haƙoransa na gefe da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ka ji ta?" Na ce ai ni na gyara ta.

Tara da ɗigo uku. Da ɗigo huɗu. A kwana ta biyu murmushin ya ragu, na lura idonsa ya fara sauka ƙasa. Da muka fito miƙaƙƙiyar hanyar baya mitar tana nuna tara da ɗigo shida. Can gaba ana hango kujerun kwana ta uku da sandar tuta, da wani ɗan ɗigon rawaya a sama. Na ce masa ga Wanda can. Ya yi gyaran murya kawai. Gudu ya koma talatin, ya koma ashirin da biyar.

"Ɗago kanka, Lowell. Hanya ake kallo."

Ɗigo takwas. Ɗigo tara.

Ya cire ƙafa daga totur. Bai taka birki ba, bai koma totur ba, motar tana ta gangarawa da kanta. Da ya taka ɗaya daga cikin biyun a lokacin, da ya tsira da abu ɗaya. Na ce, "Saura kaɗan, mutumina. Taka." Na ga lambobin sun fara tashi duk tare, yadda suke yi in za a cika goma. Shi ma ya gani. Ya sa ƙafa biyu ya danne birki.

Birkin ya kama. Duk huɗun suka kama daidai, ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama ba. Goshina ya kusa bugun gilashi. A bayanmu na ji ƙarar tayoyi ɗaya bayan ɗaya har can nesa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya bugi wani.

Ya kashe injin, ya zare makulli. Muka sunkuya mu biyu muna kallon mitar. Ba tara da ɗigo tara ba ce. Ba goma ba ce kuma. Taran biyu sun hau sama, rabinsu ya ɓuya, ɗaya da sifiri biyu sun leƙo rabi daga ƙasa, sun tsaya a nan.

"Ba ta cika ba," in ji shi.

Abin da ke bakina ba na faɗa wa ɗan shekara saba'in da bakwai ba ne.

Mota arba'in a tsaye a bayanmu, hanya a buɗe da faɗin da mota huɗu za su jeru, amma ba wanda ya wuce. Tsofaffin injina suka fara zafi, wata farar mota ta fara fitar da tururi. Duane ya iso a ƙasa yana haki, lasifika a hannu, ya ce me ya lalace. Na ce ba abin da ya lalace, kada wani ya ɗora wa aikina. Ya ce to a tura ta gefe mana. Lowell ya fito cikin silifas ya tsaya a bayan motar ya buɗe hannuwa, ya ce ba mai tura ta ko taku ɗaya. Masu rawayar riga suka zo suka yi ta ɗaga wa mutane hannu su wuce, sai da babbansu ya yi tsawa sannan ta farko ta motsa. Suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya a hankali. Wasu sun kau da kai. Wani tsoho daga Terre Haute ya cire mana hula, har yau ban san ko girmamawa ce ko ba'a ba.

Rabin sa'a muka yi kafin a ɗora ta a bayan motar janwe, don sai da aka koma tirela aka ɗauko farantan nan aka sa a ƙarƙashin tayoyin baya, Lowell yana durƙushe yana duba kowane motsi. Muka shiga gaba mu uku da direba. Ƙofar fita tana can gaba, dole sai an bi ta kwana ta uku. Na ɗan ji sanyi a raina. Ko ba komai zai ga kujerarsa daga hanya, ko da daga cikin janwe ne.

Da muka shiga kwanar na ga Wanda sarai, ita kaɗai a cikin dubban kujeru, ta miƙe tsaye tana kaɗa gyalen. Na zungure shi.

"Ga ta nan. Ga kujerarka. Duba mana!"

Lowell ya riga ya juya baya gaba ɗaya, gwiwa a kan kujera, fuska a manne da gilashin baya, yana kallon motarsa. Ya ce igiyar hagu kamar ta saki, direba ya rage gudu. Igiyar ba ta saki ba. Kafin ya juyo mun fita daga kwanar.

Ni na hau matakala sittin ɗin na taimaka wa Wanda ta sauko, ni da gwiwata, ita da ƙugunta. Ta cinye rabin soyayyiyar kazar da ta zo da ita, ta miƙo mini cinya. Na ga saƙa a jakarta, ta yi nisa. Na ce ashe ta san za ta daɗe. Ta ce shekara hamsin da biyu take zaune da shi. Ta ce ya ma fi yadda ta zata nisa, ita ta ɗauka a kwana ta biyu zai tsaya.

Daga nan maganar ta koma gidan abincin da ke kallon kotu. Wata biyu suna gardama. Rabinsu suka ce muddin sifiri bai zauna daram ba, ba a cika goma ba. Rabi suka ce tara ta tafi, kowa ya ga tafiyarta. A ƙarshe Duane ya naɗa mutum uku su je su zauna su gani da idonsu, abin da suka karanta shi ne hukunci. Allon yana nan a rataye kafin su zo. A tsakanin nan likita ya tabbatar da maganarsa, ko an sake ba su filin baɗi ba Lowell ne zai tuƙa ba.

Ni ban koma gidan ba sai ranar ɗaya ga Agusta, don in mayar masa da tayoyinsa na asali in karɓi waɗanda na ara masa. Asabar ɗin makon ne mutum ukun za su zo. Na je da asuba don na san zan same shi. Tun daga waje na ji ƙarar zarto.

Ya kifa kujerar baƙi a kan teburin aiki. Ƙafa biyu sun riga sun gajarta, guntayen suna ƙasa cikin garin katako, sauran biyun da layin fensir a jikinsu. Da ya gan ni ya tsaya, bai gaishe ni ba. Ƙofar direba tana buɗe. Na durƙusa in ajiye akwatina a gefenta, sai idona ya kai kan mitar daga ƙasa. Daga nan taran biyu kusan cikakku suke, ɗayan da sifiran sun ɓuya a bayan bakin ƙarfe.

"Inci nawa?" na tambaye shi.

"Uku da rabi."

Bai dube ni ba. Ya gyara gilashin idonsa, ya ɗora zarton a kan layin fensir na ƙafa ta uku, ya ci gaba da yanka.